Ƙanwata, kafin ki hau motar Legas saboda mafarkin wani

Na ga saƙonki, kuma ba ke kaɗai ba ce, kusan kullum sai wata daga gida ta turo min irinsa. Wai wani ɗan'uwa a cocin Fentikos a nan Legas ya ce Ubangiji ya nuna masa a mafarki ke ce matar da zai aura, kina so ki taho wurina ki nemi karatu kafin biki, kuma kin ji an ce auren 'yan Fentikos ba ya mutuwa. Ni ma a ECWA na tashi kamar ke, a nan na koma ɓangarensu, don haka ki saurara.

Akwai gaskiya a ciki. Namijin da ya riƙe abin tsakani da Allah ba giya, ba zancen kishiya, kuɗin da abokansa ke zubarwa a mashaya shi gida yake kawowa. Kuma garin da ba Goggo ba Kawu ai coci ce danginki, da na haihu matan zumunta ne suka yi ta ɗawainiya da ni har na yi arba'in. Ba sa wasa da shiri ma, gwajin sikila da HIV, wasu har na ciki, ga watannin koyarwa. A cocin Deeper Life, wadda Fasto Kumuyi ya fara a 1973, namiji ba ya tunkarar mace kai tsaye sai ya bi ta kwamitin aure. To ki tambayi mutumin naki, wane fasto ne ya san da maganar? In ya fara kame-kame, mafarkin nasa ne shi kaɗai.

Amma aure ya daɗe daban, a ji daɗinsa daban. Shekarun da na yi ban haihu ba, a ƙaramar cocin da muke zuwa lokacin ba wanda ya taɓa cewa maigidana ya je asibiti, ni ce kullum a gaba ana ɗora min hannu wai mijin aljani ne ya aure ni, azumi kan azumi har olsa ta kama ni, ƙarshe dai likita ne ya duba mu mu biyun. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Na san matan da ake duka, in sun kai ƙara sai a buɗe musu Afisawa 5:22 da Malakai 2:16 a ce su ƙara haƙuri, ba mai karanta wa mijin Afisawa 5:25 da ta ce ya ƙaunaci matarsa. Ai kin tuna Osinachi mai waƙar bishara da ta rasu a Abuja a 2022, a 2025 kotu ta yanke wa mijinta hukuncin kisa a kan mutuwarta. Manyan ma ba su tsira ba, auren Fasto Chris Oyakhilome ya mutu a 2016.

Ga kuma lokaci da kuɗi. Ki fita ƙarfe biyar saboda gosulo ki dawo tara na dare, in ɗan cocin Redeemed ne Talata da Alhamis akwai coci, Juma'ar farkon wata a kwana a sansaninsu na hanyar Ibadan, yaushe za ku zauna ku yi hira? Zakka, baikon shuka iri, ga hayar shekara a dunƙule da kuɗin ejan. Yawancin faɗanmu a kan nan ne.

Addu'a ta taimake ni, ban musa ba, amma sai da keken ɗinkina a Agege ya fara biyan rabin haya sannan aka fara neman shawarata a gidan nan, kuma ba wanda ya saya min shi.

In karatu ne ki fara samun gurbi a LASU (jami'ar jihar Legas) ko Yabatech (kwalejin fasaha ta Yaba) tukuna, akwai katifa a falo. In aure ne ya ɗauki dattawansa ya je ya gaida Baba. Ki turo min sunan cocin da reshen, zan je da kaina ranar Lahadi in gan shi, kar ki yanki tikiti sai na kira ki.