Tsoffin wayoyin gita mai feda: a ɗaura ko a zubar?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato wayoyin gitar ƙarfe mai feda. Ga wanda bai santa ba, ita ce wadda ake kwantarwa a kan ƙafafu huɗu kamar teburi, makaɗi ya zauna yana zamar da guntun ƙarfe a kan wayoyin da hannun hagu, yana taka feda da ƙafa, yana tura liba da gwiwa. Wanda ya taɓa sauraron ƙungiyar King Sunny Ade ya ji kukanta a hannun Demola Adepoju. Ga tambayoyin.

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar mini gitarsa da kwali cike da wayoyi sababbi da ba a taɓa ɗaurawa ba. Wasu sun fi shekara 15 a ajiye. Wasu na cikin ambulan na takarda, wasu a leda a liƙe. Zuciyata ba ta son in zubar, amma ina tsoron su lalata mini gitar. Yaya zan yi?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa ya huta. Ɗana, kwantar da hankalinka, da wuya ka zubar da rabin kwalin nan ma.

Ƙarfe ba ya tsufa don kawai shekaru sun wuce. Abin da ke gajiyar da waya shi ne ja da saki, da lanƙwasa, da gumin hannu da dattin da ke shiga tsakanin naɗinta. Wadda ke kwance a fakiti babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya same ta. Maƙiyinta ɗaya ne, tsatsa, ita kuwa tsatsa danshi ke kawo ta. Saboda haka abin da za ka tambayi kanka shi ne: a ina mahaifinka ya ajiye kwalin? Idan a ɗaki ne busasshe, cikin durowa ko akwati, akwai kyakkyawan fata. Idan a ƙasa ne jikin bango mai tsattsafo, ko inda iskar teku ke kaiwa, to shekara biyu ma ta isa ta gama da su.

Na cikin leda da ba a fasa ba, mafi yawansu lafiya lau za ka same su. Na ambulan su ne abin bincike, don takarda na tsotsar danshi ta riƙe shi a jikin ƙarfen. Wani lokaci tun kafin ka zaro wayar za ka ga zobe mai launin ƙasa-ƙasa ya fito a jikin takardar. Wannan ba ya buƙatar shawara, a jefar.

Sauran kuma ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Fara da siraran da ba su da naɗi, su ne suka fi saurin kamuwa, domin ƙarfe ne mai ƙarfi da aka yi wa ɗan siririn rufi na kuza, kuma da zarar tsatsa ta huda rufin sai ta ci rami. Warware wayar a hankali, ka kau da fuskarka, ka ja ta cikin farin ƙyalle mai tsabta. Ɗan baƙi-baƙi ko dusashewar sheƙi ba komai ba ne. Jan tabo kuwa tsatsa ce. Sai ka bi ta da farce daga farko har ƙarshe. Duk inda farcen ya ji kaushi ko ya ɗan tsaya, akwai rami a wurin, kuma a nan za ta tsinke. Duba wurin da aka murɗa ta a jikin ɗan zoben gindi, don danshi na son maƙalewa a can. Wadda ta karye gwiwa, wato ta yi lanƙwasa mai kaifi saboda an danne ta da kaya, ita ma ta tafi ko da tana walƙiya.

Masu naɗi sun fi wuyar sha'ani. Naɗin waje yana iya zama mai rufin nikel ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, amma zuciyar da ke ciki ƙarfe ne irin na siraran, kuma tana iya rubewa ba ka gani ba. Waɗannan sai kunne ya yanke musu hukunci. Ɗaura, ka saita, ka bar ta ta zauna, sannan ka kaɗa ta ita kaɗai. Lafiyayyiya za ta yi ƙara mai tsawo, miƙaƙƙe. Mai ciwo za ta mutu da wuri, ko ka ji sautin yana rawa kamar muryoyi biyu na jayayya. Ɗora ƙarfenka daidai layi na 12 na allon gitar, wato tsakiyar tsawon wayar, ka ji ko sautin ya dace da na wayar a sake. Idan sai ka karkata ƙarfen kafin ta yarda da 'yan'uwanta, cire ta.

Game da lalata gitar, tsoronka yana da ɗan tushe. Waya mai kaushi tana karce guntun ƙarfen da kake zamarwa, tana kuma iya cin layi a kan yatsun na'urar da ke ja da sakin wayoyin, waɗanda a gita da yawa na alminiyam ne. Layin nan idan ya samu, shi zai riƙa yanke maka sababbin wayoyi nan gaba, kuma ya sa sauti ya riƙa zuza. Wayar da ta wuce gwajin farce ba za ta yi maka wannan ɓarna ba. Waɗanda suka tsira ka zuba su a roba mai murfi da ke rufuwa gam, ka jefa 'yan ƙunshin ƙwayoyin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. Fakiti ɗaya kuma, ko da ya yi tsatsa, ka ajiye shi don tunawa da baba. Ba komai ne sai an ɗaura ba.

Tambaya: Na duba fakitin gaba da baya ban ga ranar daina aiki ba. Ko in sa su a firji don su daɗe?

Amsa: Malam, waya ce, ba magani ba. Firji kuma shi ne wuri mafi muni da za ka zaɓa: duk lokacin da ka fito da ƙarfe mai sanyi, raɓa za ta kwanta a kansa, ka kira tsatsa da hannunka. Durowa ta ishe ka.

Tambaya: Wani a intanet yana sayar da saiti 30 na tsarin E9 (ɗaya daga cikin tsare-tsaren saita wayoyin wannan gita), ya ce ragowar kayan wani shago ne da aka rufe tun da daɗewa, na asali ne, kuma kuɗin bai kai rabin na sababbi ba. Ya ce ƙarfen da ya fi na yanzu kyau. In kwashe duka?

Amsa: Ɗan'uwa, zauna, don maganar nan tana da tsawo, kuma na gaji da ganin masu kiɗa suna miƙa wuyansu.

Na gaya wa mai tambaya ta farko cewa tsufa ba ya kashe waya. 'Yan damfara ma sun san haka, kuma da wannan gaskiyar suke cin abinci. Kalmar "ragowar tsohon shago" ta zama rigar da ake saka wa kaya iri biyu: na asalin da ruwa ya taɓa, da jabun da aka ƙera jiya. Idan ka ce fakitin bai yi kama da wanda ka sani ba, sai a ce ai tsohon zane ne. Idan ka ce launin ya koɗe, sai a ce daɗewa ce. Idan ka nemi rasit, ai shagon ya rufe. Kowace tambaya an tanadar mata amsa, kuma amsar ɗaya ce, tsufa.

Jabun wayoyin gita ba jita-jita ba ne. Har ta kai kamfanin D'Addario mai ƙera wayoyin gita yana buga lamba a jikin ledar ciki don mai saye ya tantance a shafinsu ko kayan nasu ne. Kamfani ba ya ɗaukar wannan wahala sai abin ya dame shi. Gaskiya ne an fi kwaikwayon saitin gitar da kowa ke kaɗawa mai waya 6, don ita ce ke da kasuwa. Amma siraran wayoyi guda-guda iri ɗaya ne, kuma babu abin da ya fi sauƙi kamar a tattaro su daga ko'ina a zuba a ambulan a rubuta E9.

A gita ta gama-gari, waya maras kyau za ta ɓata maka sauti ne kawai. A gita mai feda kuwa lamarin ya wuce nan. Tun da makaɗin Amurka Bud Isaacs ya taka feda sauti na cikin fita, a wani faifai da ya yi da mawaƙi Webb Pierce a 1953, salon kaɗa wannan gita ya koma jan waya da sakinta a tsakiyar waƙa. A tsarin E9 mai waya 10, feda ta farko tana ɗaga waya ta 5 da ta 10 daga sautin B zuwa C#, ta biyu tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A. An saita kowace feda ta ja daidai gwargwado bisa kaurin wayar da ke kai. Idan an rubuta kaurin .017 na inci alhali abin da ke ciki .016 ne, wayar za ta saitu lafiya a sake, amma da ka taka feda sai ta sauka wani wuri daban. Sai ka kwana kana murɗa 'yan notocin saiti, kana zargin gitarka, har ka kai ta wurin mai gyara ya kwance abin da ba shi da laifi. Kuɗin da ka ce ka rage ya tafi can, har da ƙari.

Batun wai ƙarfen da ya fi na yanzu kyau, zance ne na mai son sayarwa. Kada ka biya ko kwabo a kansa.

Sannan ina za ka kai saiti 30? Wannan shi ne ɗaya ciwon. Mutum bai kai ga kaɗa gitarsa sau biyu a mako ba, amma da ya ji araha sai ya tara kayan da zai yi shekaru bai taɓa ba, a ɗakin da shi kansa ya san bangonsa na jiƙa. Wayoyin da suka tsira a shagon wancan mutumin sai su zo su mutu a hannunka. Araha ba ta ado, an daɗe da faɗa.

Idan ranka ya nace, ka sayi saiti ɗaya tak. Ka ce ya ɗauki hoton ainihin fakitin da zai aiko maka, gaba da baya, da ledar ciki. Idan ya iso, ka yi gwajin ƙyalle da farce, ka nemi mai ma'aunin kaurin waya, irin wanda masu gyaran inji ke riƙewa, ya auna maka kowace ɗaya. Saitin E9 da aka saba yana tafiya kamar haka daga ta 1: .013, .015, .011, .014, .017, .020, .026, .030, .034, .038 na inci, kodayake kamfanoni na ɗan bambanta, kuma abin da ke rubuce a fakiti shi za ka bi. Ka ɗaura ka yi mako kana takawa. Ko ya wuce duk wannan, saiti uku ko huɗu sun ishe ka. Mai kayan da ya ce sai dai duka ko babu, ka ce masa babu.

Tambaya: Ɗana ne ke kaɗa ta, kuma an gayyace shi ɗaukar sauti karo na farko. Yana da tsoffin wayoyi masu kyau a ajiye, amma ta ukun tana yawan tsinke masa har na fara tunanin ko hannunsa ne. Ni dai ba na son ya ji kunya.

Amsa: Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri da wannan kulawa, Ya sa a fara a sa'a. Ba hannunsa ba ne. Waya ta 3 ita ce mafi siranta a tsarin E9, an ja ta kusa da iyakar ƙarfinta tun kafin a taka komai, sannan feda ta ƙara ɗaga ta zuwa A sau ba adadi. Tana tsinkewa a hannun manyan makaɗa ma, kuma kusan kullum a wurin da ta lanƙwasa a kan yatsan na'urar. Shi ya sa masu sana'ar ke canza ta tun ba ta tsinke ba, wasu kuma sukan koma .0115 ko .012.

Shawarata, a wannan ranar kada ya yi caca. Ki saya masa sabuwar ta 3 daga wurin da aka amince da shi, da 'yan rara a aljihu, haka ma ta 5 don ita ma feda na wahalar da ita. Masu kauri daga ajiyarsa za su iya aiki idan sun wuce gwaji. Ya ɗaura su kwana biyu ko uku kafin ranar, ya tattaka fedojin har su daina sauka, kada ya bari sai da safen. Idan sabuwa ma ta tsinke cikin kwana kaɗan a wuri ɗaya, ya shafa yatsan na'urar ya ji ko akwai kaifi. Kuma ki ja masa kunne ya riƙa kau da ido lokacin da yake ɗaga ta zuwa saiti.

Tambaya: Na ji ana dafa wayoyi a ruwan zafi su koma sababbi. Zan iya yi wa masu tsatsa haka, ko in goge su da sanfefa?

Amsa: Masu gitar bes ne ke dafa wayoyin da suka sha gumi don datti ya fita, kuma ko su na ɗan lokaci ne. Taka ba datti ke damunta ba, tsatsa ce, kai kuma kana so ka ƙara mata ruwa. Sanfefa zai kankare ragowar rufin kuzar, ya rage kaurin wayar, ramin kuma yana nan. A'a, duka biyun.

Tambaya: Ina da tsoffin wayoyin gitar lantarki ta gama-gari. Za su hau gita mai feda?

Amsa: Siraran za su hau, muddin kaurin ya zo daidai da wanda ka cire kuma tsawon ya kai maɗaurinta. Sai dai ka lura da ta 6: wasu na sa .020 maras naɗi, wasu .022 mai naɗi, kuma mai naɗin tana buƙatar feda ta ja ta da nisa. Idan ka sauya daga wannan zuwa waccan, sai ka sake saita fedar da libar da ke taɓa ta. Na gitar da ba ta lantarki ba, masu naɗin tagulla, ka bar su inda suke, don maganaɗisun da ke ɗaukar sauti ba ya jin tagulla sosai.