Ƙwayar tazarar haihuwa: wacce za a sha, a ina za a saya?

Tambaya: Ina goyon wata uku, kuma ina tsoron kwanika domin na sha wuya a haihuwar nan. Maƙwabciyata ta ba ni ragowar katin Microgynon ɗinta. In sha?

Sannu ƙanwata, Allah ya raya. Ki kwantar da hankalinki, amma ki mayar mata da katinta. Ƙwayar nan iri biyu ce. Akwai mai sinadari biyu, istirojin da furojestin, kamar Microgynon. Akwai mai furojestin kaɗai, kamar Microlut da Exluton. Ta farkon tana iya rage ruwan nono, shi ya sa ba a son mai shayarwa ta fara ta kafin jariri ya kai wata 6. Ta biyun ce ta dace da ke, sai dai tana son lokaci: in kin makara da fiye da awa 3, kariyar ta yi rauni. Ki haɗa shanta da sallar isha'i, ba za ki manta ba.

Tambaya: An ce ƙwayar tana taruwa a mahaifa ta hana haihuwa har abada. Shi ya sa na hana iyalina.

Malam, wa ya ce? Hirar majalisa ka ɗauka ka yanke wa matarka hukunci da ita? Ƙwayar ba ta zama a mahaifa. Jiki yana fitar da ita, dalilin da ya sa ake sha kullum ke nan. Aikinta shi ne hana ƙwai fita kowane wata, da sa ruwan bakin mahaifa ya yi kauri yadda maniyyi ba zai wuce ba. Da an daina sha, jiki zai koma yadda yake. Ku tafi asibiti tare ka ji da kunnenka.

Tambaya: Mai tallan magani a tasha yana sayar da ita da araha. Meye laifi in na saya a can?

Laifin da yawa, 'yata, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Mace za ta zagaye kasuwa tana taɓa atamfa don kada a cuce ta, amma abin da zai shiga jininta kullum sai ta karɓa daga tiren da ya wuni cikin rana. Zafi yana lalata magani, ko da na gaske ne. Balle jabu, wanda hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi a kansa, har da jabun Postinor-2, ƙwayar gaggawa da ake sha bayan saduwa.

Ku san cewa ƙwayar nan magani ce mai ƙarfi. A 1951 aka haɗa sinadarinta a birnin Meziko daga wata doyar daji, sannan masana biyu na Amurka, Gregory Pincus da John Rock, suka gwada ta, Amurka ta amince da ƙwayar tazara ta farko, Enovid, a 1960. Waccan tana da istirojin mikirogiram 150, kuma an samu matan da jini ya daskare musu a jijiya. Daga nan aka yi ta ragewa, yau Microgynon mikirogiram 30 take da shi. Haɗarin ya ragu ƙwarai, amma bai gushe ba. Mai hawan jini, da wadda jini ya taɓa daskare mata, da mai ciwon kan ɓari ɗaya da ke zuwa da walƙiya a ido, da mai shan taba da ta haura shekara 35, duk ba su shan mai sinadari biyu. Mai tire zai auna jininki? Zai tambaye ki ko kina shan rifampicin na tarin fuka, wanda ke karya ƙarfinta?

Tun 2011 gwamnatin tarayya ta mayar da kayan tsarin iyali kyauta a asibitocinta. In an ce sun ƙare, ki je kantin magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki kankare lambar tantancewa ki tura in akwai.

Tambaya: Zan iya dogara da Postinor-2 kawai?

A'a. Ta gaggawa ce, ana sha cikin awa 72, kuma ba ta kai ta kullum kariya ba. Ita ma ta kullum ɗin, saboda mantuwa, kusan mata 7 cikin 100 kan ɗauki ciki a shekara. In kin san kina da mantuwa, tambayi malamar asibiti batun allura ko ashanar hannu. Kuma babu ɗayansu da ke kare mutum daga cutar ƙanjamau.