Aikin ofis da safe, yamma a majalisa: wace sana'a ce za ta iya jiranka?

Wani ɗan uwa daga Birnin Kebbi ya turo min saƙo, ga shi a taƙaice. Ma'aikaci ne a wata ma'aikata ta jiha, yana tashi ƙarfe 4, Asabar da Lahadi yana gida. Kafin ya samu aikin ya taɓa riƙe teburin tireda, don haka kasuwa ba baƙuwarshi ba ce. Yanzu albashi ba ya kai shi 20 ga wata, yamma kuma tana ƙarewa tsakanin majalisa da latsa waya. An yi mishi tayin bashin naira dubu 800 a riƙa cirewa a albashi, shi ne yake son ya kama shago a bakin titi ya zuba kaya ya sa yaro, in ya taso aiki sai ya karɓe shi. Wai me na gani?

Toh Malam, tunda har zaman banzan ya fara damunka ka yi rabin aikin, Allah ya yi albarka. Amma shagon nan da bashin nan, gaskiya ban goyi baya ba.

Zauna ka ƙirga lokacin da kake kira naka. Ka taso ƙarfe 4, kafin ka iso gida ka yi la'asar ka ɗan sa wani abu a baki an kusa 5, daga nan zuwa magariba awa biyu ne ko ƙasa da haka, wato kamar awa 10 a sati, sai Asabar da Lahadi waɗanda su ma suna da masu su, ɗaurin aure ne, suna ne, ta'aziyya ce, zuwa ƙauye gaida tsofaffi ne. Shagon tireda kuwa tun ƙarfe 7 na safe yake son a buɗe shi har 10 na dare, kuma ribarshi ƴar ƙarama ce a kan kowane kaya, taliya ɗaya, sabulu ɗaya, sukari na ɗari biyu. Kai da ka riƙe tebur ka fi ni sani. Ko yaron mai amana ne, bashi kaɗai ya isa ya cinye uwar kuɗin, don maƙwabci zai zo ya ce ai ni da oga mun saba, rubuta kawai, yaro ba zai iya musa wa babba ba, kai kuma kana ofis hankalinka rabi na kan fayil rabi na kan shago. Taura biyu ba ta taunuwa. Su kuwa masu bashin ranar da albashi ya shigo za su zare nasu, an yi ciniki ko ba a yi ba. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bankuna kuma sama da haka suke ɗorawa, ban da maganar riba da ka san hukuncinta. Ko bankin da ba ruwa ka je irin su Jaiz, biya ne duk wata daga albashin da ka ce da ma ba ya isa.

Akwai kuma abin da ma'aikata da yawa ba su damu su sani ba. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na biyar inda aka zayyana ƙa'idojin ma'aikacin gwamnati, ya hana wanda ke aiki na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci mai zaman kanshi, abu ɗaya aka ware aka ce ba laifi, shi ne noma. Na san za ka ce kowa na yi. Haka ne, amma duk ranar da wani ya so ka da sharri takarda ɗaya zai rubuta, kuma ni ba zan so ka sa aikin da kake fatan kai shekara 35 a kai cikin haɗari saboda katan ɗin taliya ba.

Abin da za ka nema shi ne sana'ar da za ta iya jiranka har ka taso. Mu ƴan Kebbi Allah ya yi mana gata a nan, don abin da doka ta bari shi ne abin da ƙasarmu ta fi iyawa.

In ni ne kai da kiwo zan fara, kiwo ai reshen noma ne. Raguna biyu ko uku, ba goma ba. Ka saye su ramammu amma lafiyayyu kamar wata huɗu kafin babbar sallah, ka tafi kara da wanda ya san dabba ya buɗe baki ya duba haƙori, ya duba ido da hanci da bayan dabba ko tana zawo. Kana kawo su a ba su maganin tsutsa, a kira malamin dabbobi ya yi musu allura, kada ka ji ƙyashin wannan ɗan kuɗin. Inda ribar take kuma ba a wajen sayarwa ba ne, a wajen abinci ne: harawa da kowa (ɓawon wake) da dusa a kaka ake tara su lokacin da suke araha, wanda ya bari sai bazara yana saye ɗauri-ɗauri to raguna ne za su ci shi. Aikin nasu bayan asuba ne ka share wurin ka zuba abinci da ruwa, ka dawo da yamma ka sake, ka tsaya ka dube su da kyau, wanda ya koma gefe ya sunkuyar da kai bai taɓa dusa ba ka san akwai magana. Da rana uwargida da yara ne za su leƙa, kuma don Allah ka yanka mata kasonta tun farko a faɗe, kada a sayar ka ce mata an gode. Rumfa mai inuwa da ƙofa mai kwaɗo dole ne, ɓarayin dabbobi sun fi kowa sanin kwanan watan sallah.

In kana da fadama ta gado ko ta aro kusa da gari, noman rani ma ya dace da mai Asabar da Lahadi, sai dai ka ɗauki abin da ƙafarka za ta iya zagayawa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ban ruwa da injin fetur ya zama babban abin da ke cin manomi, shi ya sa kake ganin mutane na komawa famfon sola. Kada ka fara da hekta, fara da ƴan fangali.

Na san za a ce maka ka sayi shinkafa shanshera ko albasar Aliero ka ajiye, ba wahala. Ana samu, amma ba dole ba ne. Albasa tana ruɓewa tana kuma raguwa a ajiya, sai wanda ke juya ta yana tsince ta. Hatsi kuma ka ga abin da ya faru bayan gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a Yulin 2024, a 2025 farashi ya faɗi, waɗanda suka tara da kuɗinsu sun ji jiki, waɗanda suka tara da bashi kuwa sai dai addu'a. Masu ce maka sa kuɗi a waya su ninka kana kwance, tuna MMM a 2016 da CBEX a 2025, tsare-tsaren ninka kuɗi da suka rushe da kuɗin jama'a, ya ishe ka.

Jarin fa? Daga adashen ofis ko kofaretib ɗinku, ko ka riƙa ware wani abu ranar da albashi ya shigo kafin ka taɓa komai, ko da kuɗin data da na shayin majalisa ne aka rage. Kuɗin da in ya salwanta gidanka ba zai kwana da yunwa ba, da shi ake koyon sana'a.

Kuma ka ji tsoron Allah a kan lokacin ofis, daga 8 zuwa 4 an riga an saye shi, ba na zuwa kara ba ne. Sauran ma kada ka cinye shi duka da neman kuɗi, tsakanin magariba da isha'i ka bar wa karatu da yara, majalisa a rage ta ba a yanke ba, don a nan za ka ji wa ke neman rago da wa ke ba da aron fadama.

Asabar mai zuwa ka je kara ba da kuɗi ba, da biro da ƙaramin littafi, ka tambayi farashin ramammen rago da na ƙosasshe, ka biya wajen masu dusa da harawa ka rubuta nasu, ka auna filin da ke bayan ɗakinka. Turo min abin da ka samo tare da abin da za ka iya warewa duk wata, sai mu buga lissafin tare mu ga ko biyu za ka fara da su ko uku.