Ɗana ba ya jituwa da gyaɗa, ana cewa in riƙa ɗanɗana masa har ya saba

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 5, nauyinsa kilo 18. Kwanakin baya ya ci gyaɗa, ba a yi minti goma ba leɓensa ya kumbura, borin jini ya feso masa, ya yi amai, muryarsa ta dishe. A asibiti gwaji ya tabbatar da alajin gyaɗa, aka rubuta mana allurar adirenalin, wadda ake yi cikin gaggawa idan alajin ya tashi da ƙarfi. Yayyensa biyu suna cin komai lafiya. Kakarsu ta dage in riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har jikinsa ya saba, idan ya kumbura in ba shi maganin ƙaiƙayi. Ko barcin kirki ba na yi. Ya zan yi da gidan nan?

Amsa: Malama, kada ki ɗanɗana masa ko ɓarin ƙwaya. Dishewar murya da amai tare da kumburi alamun anafilaksis ne, wato abin ya wuce fata ya taɓa hanyar numfashi. Kuma yadda na baya ya zo ba ya nuna yadda na gaba zai zo. Yaron da ya tsira da kumburin leɓe yau yana iya shaƙewa gobe da abin da bai kai na jiya yawa ba, musamman idan yana da asma, ko yana zazzaɓi, ko ya ci ya fita guje-guje.

Wannan magana ta "a ba shi ya saba" ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin kullum sai an zo da ita, kuma masu faɗinta ƙaunar yaron suke yi. Gaskiya biyu aka tsinto aka cakuɗa. Ta farko, binciken LEAP da aka yi a Landan aka wallafa a 2015 ya nuna cewa fara bai wa jarirai gyaɗa tsakanin wata 4 zuwa 11 yana rage kamuwa da alajin da kusan kashi 80 cikin 100. Wannan rigakafi ne ga jaririn da bai kamu ba. Ɗanki ya riga ya kamu, garkuwar jikinsa ta shaida furotin ɗin gyaɗa a matsayin abokin gaba. Ta biyu, akwai jinyar sabar da jiki ta baki, kuma a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani maganin garin gyaɗa mai suna Palforzia don haka. Amma dubi ma'aunin: ana farawa da rabin miligiram na furotin, alhali ƙwayar gyaɗa guda tana ɗauke da sama da miligiram 200. "Kaɗan" ɗin da za a lakato da yatsa ya ninka rabin miligiram ɗin nan sau ɗaruruwa. Duk ƙarin da za a yi, a gaban likita ake yinsa, da adirenalin a ajiye, ana sa ido a kan yaron. Duk da haka wasu yaran suna samun anafilaksis a tsakiyar jinyar, waɗanda suka kammala kuma ba warkewa suka yi ba, kariya ce kawai daga cin kuskure. To ina ga cokali a kicin? Masu tallar garin magani ko ruwan "wanke jini" da suke cewa suna cire alaji cikin mako guda kuwa, kuɗinki za su ci, su sa ki saki jiki, sakin jikin nan shi ne haɗarin. Kimanin yaro ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da alajin gyaɗa idan ya girma, kuma likitan alaji ne ke tabbatar da hakan da gwajin ci a asibiti.

Maganin ƙaiƙayi irin su Piriton fata kawai yake kwantarwa. Ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga hawan jinin da ya faɗi, kuma yakan ɗauki rabin awa ko fiye kafin ya fara aiki. Jinkirta adirenalin na daga cikin manyan dalilan rasa rai a wannan ciwo.

Da zarar kin ga dishewar murya, tari mai naci, numfashi da ƙyar, kumburin harshe, ko jiki ya saki, ki soka allurar a gefen cinya na waje, ko ta saman wando. A nauyinsa, mai miligiram 0.15 ce, za a sauya masa zuwa 0.3 idan ya kai kilo 25 zuwa 30. Ki kwantar da shi ki ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya yi wuya ya zauna, amma kada ya miƙe tsaye ko ya yi tafiya ko da ya ce ya ji sauƙi. A nemi motar asibiti nan take. In minti 5 ya wuce ba sauƙi, a yi ta biyu, shi ya sa ake riƙe guda biyu. Ko ya warware sai an kai shi asibiti, domin alamun kan dawo bayan wasu awanni. Kada allurar ta shiga firiji ko a bar ta cikin mota a rana, ki riƙa duba ranar ƙarewar aikinta.

Batun gida kuma, tunda yaron ƙarami ne, mafi sauƙi a fitar da gyaɗa gaba ɗaya. Idan yayyensa sun ci a waje, su wanke hannu da baki da sabulu, domin sanitaiza ba ta cire furotin ɗin. Dafawa da soyawa ma ba sa kashe shi. Man da aka soya wani abu mai gyaɗa a ciki, da ludayi, da wuƙa, da faranti duk suna ɗaukar burbushi, haka man gyaɗan da ba a tace sosai ba. Ki karanta jerin sinadaran kowane ƙunshi duk lokacin da kika saya, domin kamfanoni kan sauya haɗi. Ki koya masa ya ƙi duk abincin da ba ke kika duba ba.

Kaka kuma, ki tafi da ita ganin likita na gaba ta ji da kunnenta, a ba ta allurar gwaji marar tsini ta koyi sokawa. Haka mahaifinsa da malaminsa na makaranta, kowa da takardar matakan gaggawa mai ɗauke da sunan yaron da lambar wayarki.