Wace jita zan saya don koyon saukar Andalus?

Wani matashi daga Zariya ya rubuto cewa ya ji wani salo a tsohuwar waƙar mawaƙin Amurka Ray Charles ta 1961, Hit the Road Jack, inda sauti ke gangarowa taki huɗu yana maimaituwa. An gaya masa asalinsa kiɗan filamenko ne na Sifaniya. Ya tara 'yan kuɗi, yana tambaya ko sai ya sayi jitar filamenko kafin ya iya kaɗa shi.

Ƙanena, ka ji da kyau. Abin da kunnenka ya kama shi ake kira saukar Andalus, da sunan yankin kudancin Sifaniya inda filamenko ya girma, a garuruwa irin su Sebiya da Kadis da Heres. Kod huɗu ne a jere (kod shi ne sautuka da yawa da ake dannawa a kaɗa tare): Am, wato A ƙarami, G, F, sai E. Kowanne yana ƙasa da na gabansa, kamar mai sauka daga bene. Daɗin yana taki na ƙarshe. Daga F zuwa E rabin taki ne kacal, kuma E ɗin babba ake dannawa, mai sauti wasai, ba ƙarami mai sautin juyayi ba, sai ka ji wani ɗan zafi ya ratsa ƙirji. A waƙoƙin zamani ana komawa Am a huta. Makaɗan filamenko kuwa a kan E ɗin suke zama, nan ne gidansu. Salon ya tsufa ƙwarai, tun 1638 mai tsara kiɗa Monteverdi ya gina waƙar makoki a kansa a Italiya.

Amsarka: a'a, kada ka sayi jitar filamenko yanzu. Kod huɗun nan suna fita a kowace jita. Abin da ya bambanta ta filamenko shi ne katako mara nauyi, galibi na itacen saifires, da tsirkiya da ke kwance dab da wuyan jitar, wato doguwar sandar da ake danna tsirkiya a kai, da wani faifan roba a fuskarta wanda makaɗi ke bugawa da farce. Duk wannan na wanda hannunsa ya riga ya faɗa ne, kuma mai kyau tana da tsada.

Ni shawarata ka nemi jitar kilasik mai tsirkiyar nailan, irin Yamaha C40 ko makamanciyarta. Dalilina F ne. Nan masu koyo da yawa ke ajiye jita su haƙura, domin sai manuniya ta kwanta ta danne tsirkiya shida gaba ɗaya. A kan tsirkiyar ƙarfe, cikin mako guda yatsu sun yi kanta, sautin kuma yana fita a shaƙe. Nailan ta fi tausayi. Sai dai wuyan kilasik ya fi faɗi, kusan milimita 52, don haka kada ka biya kuɗi sai ka riƙe ta. A shagon ka zauna, ka danna F ɗin ko da ba ka iya ba. In tsirkiyar ta yi nisa da wuya har kana kokawa da ita, ajiye, ɗauki wata. Ka kuma ɗaga ta ka hango wuyan daga sama, ka tabbata bai lanƙwashe ba.

Akwai abin da na damu ka sani tunda a Zariya kake: hunturu yana tsaga katakon jita. Mai araha da aka yi da katako mai falle-falle ta fi mai tsada jure bushewar iska. Ka saya mata jaka, kada ka jingine ta kusa da taga. Canjin da ya rage ka sayi kafo, ɗan maƙalen da ke ɗaga sauti ya dace da muryarka.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce yayanta ya ba ta jitar nailan, tsirkiya biyu sun tsinke, mai shago kuma na ƙarfe kawai yake da su. Ko ta saka?

'Yar'uwa, kada ki yarda. Tsirkiyar ƙarfe tana ja da ƙarfin da jitar ba a ƙera ta ta ɗauka ba, tana iya ɓamɓare katakon da ake ɗaure tsirkiya a kai, ko ta karkatar da wuya. Ki jira ki sami saitin nailan cikakke ki canja duka shida. Za su yi kwanaki suna sassautawa kafin su zauna, ki riƙa ɗaure su kullum.