Hukuncin latsa waya ana cikin tuƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya gafarta. Ni direba ne, ina jigilar masu Umra tsakanin Jidda da Makka. Saƙonni na shigo min ta WhatsApp ba dare ba rana, in na yi jinkirin amsawa wani direban ya kwashe fasinjan. Shin ina da zunubi in na duba waya ina tuƙi, tunda hannuna ya faɗa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya sa albarka a nemanka, ɗana.

Karanta saƙo ko rubuta shi mota na tafiya haramun ne, komai gwanintarka. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka. Manzon Allah (SAW) kuma ya ce babu cuta, babu cutarwa. Ga shi kai ba ranka kaɗai ka ɗauko ba, akwai tsohuwa a bayanka cikin talbiyya, ta miƙa maka amanar wuyanta.

Ka yi lissafi da kanka. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a daƙiƙa ɗaya. Sunkuyawar daƙiƙa uku, ka shafe mita 100 kamar makaho, a hanyar da bas-bas ke taka birki ba shiri. Ina amfanin gwanintar hannu in ido na wani wuri?

Sannan hukuma ta hana, kyamarorin Sahir masu sa ido a titunan Saudiyya na kamawa, tarar kuwa riyal 500 zuwa 900 ce. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta tabbatar cewa bin dokokin hanya wajibi ne a Shari'a. Saboda haka ko inda babu kyamara, laifin yana nan.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wannan: in rai ya salwanta saboda wayarka, ka yi sakaci. Diyya ta tabbata, da kaffarar azumin wata biyu a jere kamar yadda Suratun Nisa'i, aya ta 92 ta faɗa, kuma kowane rai da kaffararsa. Na sha zama da masu wannan tambayar bayan gari ya waye musu a asibiti, hawaye ba ya barinsu magana.

Amsa kira ta lasifikar mota, hannu biyu a sitiyari, ya halatta in akwai buƙata kuma ka taƙaita, ban da gardamar kuɗin mota. Saƙo kuwa, ka nemi wuri mai aminci ka faka tukuna. Fasinjan da ya kuɓuce maka a minti biyun nan, dama ba rabonka ba ne.

Wallahu a'alam.