Dalilin da ya sa na dawo maka da gambarka

Toh ɗana, ka ce me ya sa na dawo maka da gambar da ka yanko wa ma'ajiyarmu ta busassun tsirrai a hanyar Shika, kusa da Zariya, alhali ta bushe tsaf ba fumfuna. Busarwar kam ka iya, amma ganye da kara kawai ka kawo min, ba kanta ba saiwarta. Ciyawa kafin ta fid da kai kusan duk kamarsu ɗaya, ko tsohon malamin botani sai ta ruɗa shi, da kan nan nata ne ake tantance ta, da ɗan wurin da ganye ya rungumi kara. Shi ya sa muke jira sai ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba.

In ka je kar ka yanka da lauje, sa fartanya ka tono ta da gindinta, ka kakkaɓe ƙasar. Na san za ka ce ta fi ka tsawo, eh gamba tana wuce mita 3, takardar da muke manna ta a kai kuma ba ta wuce santimita 42 ba, to lanƙwasa ta za ka yi biyu ko uku kamar harafin N tun tana ɗanya, in ta bushe karyewa za ta yi. Tsakanin jarida, kwali sama da ƙasa, a ɗaure tam, kullum ka canja jaridar. Tsabar da ta zube kar ka share dan Allah, ƙunshe ta a ƴar ambulan ka manna gefe. Kafin ta shiga kabad sai ta yi kwanaki a firiza saboda ƙwari.

Abin da ya fi damuna ma ba ka rubuta komai ba. Ina ka samo ta, fadama ko tudu, ran nawa ga wata, tsawonta, sunanka da lambar samfurin, sannan sunanta na kimiyya, Andropogon gayanus. Kar ka raina ta don ana zana da ita, gambar Shikan nan aka kai Kolambiya da Barazil ana kiwon shanu da ita, a arewacin Ostareliya kuma ta zame musu annoba wajen gobarar daji. Mai bincike zai zo Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) nan da shekara 50 ya buɗe takardar nan, abin da ka rubuta shi kaɗai zai samu.

Ranar Asabar ka koma da littafi da fensir, ka tono guda uku.